Rabe-raben Baƙin Zanzibar, daga Asuba zuwa Bayan Isha'i

Unguja, babban tsibirin Zanzibar, yana cikin Tekun Indiya, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ruwa mai sauri daga Darussalam. Yinin ɗan yawon buɗe ido a can kusan tsarinsa ɗaya ne: safiya a lungunan tsohon gari, hantsi a kwale-kwale, azahar a kan rairayi, faɗuwar rana a jirgin katako mai tafiya da iska, dare kuma a wurin masu gashi na Forodhani. Mutanen da ake zubawa a mota ɗaya ne suka bambanta. 'Yan jagora da direbobi da masu kwale-kwale sun daɗe da sanin nau'o'insu, kuma kowane nau'i yana da sa'ar da halinsa yake fitowa fili.

Wanda ake fara gani shi ne Mai Jadawali. Tun kafin a kira assalatu ya yi wanka, ya zauna a harabar otal da takarda mai layi-layi, an ware wa kowane wuri mintunansa. Matsalarsa ta farko ita ce Waswahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka idan mai kwale-kwale ya ce a haɗu ƙarfe biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi. Matsalarsa ta biyu tana ɗaki mai lamba kaza, tana neman ɗan kunne ɗaya. Wannan ita ce Uwar Makara, kuma ba a taɓa haɗa ayari babu ita ba. Takan fito tana murmushi, ta tambayi jama'ar da suka gaji da zama a mota ko an daɗe ana jira.

A tsohon gari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, Malam Na-Sani ne ke karɓe ragama. Ya karanta shafi uku a jirgin sama, saboda haka ɗan jagoran da aka haifa a unguwar ya koma ɗalibinsa. Da an tsaya gaban Beit al-Ajaib, katafaren ginin da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda ya riga kowane gini a tsibirin samun lantarki, shi zai ƙarasa wa jagora jimlarsa. Idan aka zo kan yaƙin da Ingila ta yi da Zanzibar ran 27 ga Agusta 1896, wanda aka gama kafin a cika awa guda, zai tsayar da ayari a rana yana gardama kan ko minti 38 ne ko 40, har gardamar ta nemi kamo yaƙin a tsawo. Wuri ɗaya ne bakinsa yake mutuwa: ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da majami'ar Angilika, wadda aka gina a filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873. A nan kowa yakan yi shiru, har mai ɗaukar hoto yakan mai da waya aljihu, kuma wannan shirun abin a yaba wa ayarin ne.

Ba a jimawa ake komawa ɗabi'a. Ƙofofin tsohon gari na katako ne masu sassaƙa, wasu da manyan ƙusoshin tagulla, kuma su ne gonar Sarauniyar Hoto. Takan jingina da ƙofa, ta kalli sama, ta kalli gefe, ta yi kamar ba ta san ana ɗauka ba. A bayanta akwai wani bawan Allah mai jaka biyu, hula ɗaya ba tasa ba, da waya a hannu. Galibi mijinta ne, kuma laifinsa na kullum shi ne ya yanke ƙafa. Abin da su biyun ba su lura da shi ba, ƙofar nan gidan mutane ce, kuma matar da ke tsaye gefe da kwandon cefane tun ɗazu jira take a gama ta shiga ɗakinta.

Kasuwar Darajani takan raba baƙi gida biyu. Akwai Sarkin Tayi, wanda zai ɓata rabin awa yana ja-in-ja kan kuɗin da ba zai sayi gorar ruwa a otal ɗinsa ba, ya yi fushin ƙarya, ya tafi, ya tsaya a kwana yana jiran a kira shi. Idan ɗan kasuwar Kano ne, ba saye ya kawo shi ba: zai damƙi kanumfari ya sansana, ya tambayi kuɗin kilo, ya juya shilin zuwa dala, dala zuwa naira, ya cire kuɗin dako, ya gano cewa a kasuwar Kurmi ma ba a cuce shi ba, sannan ya ajiye. Ɗayan gidan kuwa na Mai Sakin Hannu ne, wanda ke biyan farashin farko har da godiya. Kafin azahar labarinsa ya riga shi zuwa ƙarshen titi, masu kirfa da masoro da zannuwan kanga duk sun san launin rigarsa.

Daga nan sai kwale-kwale zuwa Changuu, ƙaramin tsibirin da aka gina wa gidan yari a 1893 amma bai taɓa karɓar fursuna ba, aka mai da shi wurin killace masu cuta. Tafiyar ba ta kai awa ba, amma ta isa ta tona asirin Jarumin Tudu. Shi ne ke ture rigar ceto yana dariya, ya zauna a can goshin jirgi. Igiyar ruwa ta farko takan rage masa magana, ta uku kuma takan sa ya tambaya a hankali ko rigar nan tana kusa. Ana zuwa Changuu ne don manyan kunkuru, waɗanda asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Seshel ya aiko kyauta a 1919. Ana rubuta shekarun wasu da fenti a bayansu, akwai waɗanda suka haura ɗari, kuma an hana hawa kansu. Duk da haka kowane ayari yana da mutum ɗaya da zai waiga hagu da dama ya ɗan ɗosana. Kunkurun ba ya ko ɗaga kai daga ganyensa. Ya ga kakannin wannan mutumin.

Rairayi ne babban fagen, domin a nan kowa yake tuɓe abin da ya rage na kamun kai. Nakupenda tudun yashi ne fari fat da ke fitowa idan teku ya janye, ya nutse idan ya dawo, babu bishiya ko ɗaya sai rumfunan da masu jirgi ke kafawa. Gasasshe ba ya shiga rumfa. Daga ƙasar sanyi ya zo, ya biya kuɗin rana, kuma ya ƙudura sai ya karɓi kayansa cif. Yakan kwanta, ya juya, ya sake juyawa, kamar mai tsire yana duba wuta, sai dai shi ne naman. Da la'asar ya yi ja wur, yana tafiya hannuwa a buɗe, kuma duk wanda ya dafa kafaɗarsa da sunan gaisuwa ya yi abokin gaba.

Can cikin inuwa akwai kishiyarsa, Mai Gadin Takalma. Ya keto ƙasashe ya zo bakin teku cikin kaftani mai guga, da hula da agogo, ya nemi kujera nesa da inda ruwa ke kaiwa. Cikin ɗan lokaci wayoyi, tabarau, fasfo da takalman ayari duka sun taru a gabansa, ya zama ma'aji ba tare da an naɗa shi ba.

"Alhaji, ko ƙafa ba za ka tsoma ba?"

"Hajiya, daga nan ma ina ganinsa sarai. Ku dai ku kula da yaran nan."

Idan ya koma gida, shi ne zai fi kowa ba da labarin zurfin tekun.

Gwanin Iyo kuwa a tafkin otal ya koyi sana'arsa, inda ruwa ke tsayawa a ƙirji. Ana ba shi tabarau da bututun numfashi don kallon kifi a kan murjani, ya ƙi sauraren bayani, ya faɗa. Bututun yakan cika, ya sha gishiri ya ƙoshi, ya fito yana tari yana cewa kayan ne ba su da kyau. Idan aka ce a sa takalmin roba saboda bushiyar teku, halittar nan baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke maƙale a duwatsu, shi ne zai ce ƙafarsa ta saba. Sauran yininsa a zaune yake ƙarewa, wani yaron jirgi yana shafa masa ruwan ɗanyen gwanda a tafin ƙafa.

A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye har sai an hango shi can nesa, sau biyu a kwana da yini, bisa jan wata. Wannan ne lokacin da matan ƙauyukan ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu tun ƙarshen shekarun 1980, suna ɗaure tsiron a igiyoyi tsakanin turaku. Shi ne kuma lokacin Mai Ƙorafi, wanda ke zuwa teburin karɓar baƙi ya ce a hoton da ya gani ruwa yana bakin ɗaki, yanzu ina aka kai shi. Ma'aikatan sun saba. Sukan ba shi haƙuri, su yi alkawarin za a dawo da shi nan da awa shida, kuma ba su taɓa saɓawa ba.

Jirgin faɗuwar rana, wanda aka fi hawa a Nungwi da Kendwa a arewa, na amarya da ango ne. Ba su da wata illa, illa dai sun tare wurin da kowa yake so. A ƙarshen jirgin akwai wanda cikinsa ya juya, ya ba rana baya ya rungumi bokiti.

Da magariba samarin gari sukan yi ta alkafura daga katangar Forodhani zuwa cikin ruwa, sannan masu abinci su kunna fitilu. Ana gasa kifi da jatan lande da halittar nan mai hannu takwas da suke kira pweza, ana soya fanken da aka cusa wa nama da ƙwai, ana zuba romon urojo mai tsami, ana matse rake da citta da lemon tsami, kyanwoyi suna zagaya ƙafafu. Ci-Duka yakan bi tebur-tebur bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma tambayi tun yaushe aka gasa ba. Ba a cika ganinsa a karin kumallon gobe ba. Kusa da shi Mai Guzuri yake, wanda bai yarda da abin da bai san sunansa ba. Zai zaga kasuwar duka, ya yamutsa fuska, ya sayi dankali soyayye, ya zaro ƙullin yajin da ya taho da shi daga gida.

Nau'i na ƙarshe ba a haɗuwa da shi a ko ɗaya daga wuraren nan, domin bai fita daga otal ba. Ya biya kuɗin ci da sha gaba ɗaya, an ɗaura masa zaren roba a hannu, ya ga ba dalilin barin abin da ya riga ya biya. Yakan tare masu dawowa a bakin tafki ya tambaye su yadda gari yake, ya roƙi a tura masa hotuna biyu-uku. Tsarabarsa, wato ƙullin kanumfari da ɗan kunkurun katako, a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yake sayenta, ninki uku na kuɗin Darajani.