Ranar da Na Share Sito

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi akwai ɗakin da muke kira sito. Wanda ya gina gidan ya yi shi ne don mutum ya kwana a ciki, har da taga da ƙugiyar fanka, amma tun da muka tare ba wanda ya sake ganin daɓensa. Ƙofar ma rabi take buɗewa. In ana neman wani abu, ƙaramin yaro ake turawa da tocila, manya su tsaya a waje suna yi masa kwatance da addu'a.

Babbar 'yata ce ta kunno mini wutar. Ta miƙo mini waya ta ce, "Abba, kalli yadda mutane ke zama." Wata 'yar Japan ce, Marie Kondo, wadda Netflix ta yi shiri da ita a 2019, tana shiga gidajen Amurkawa tana koya musu rabuwa da tarkace. Tsarinta a jere yake: tufafi tukuna, sai littattafai, sai takardu, sai ƙananan tarkace, daga ƙarshe kayan da ke tuna maka da wani. Ka ɗauki abu a hannu, ka tambayi zuciyarka ko yana faranta maka rai. In ba ya yi, ka gode masa ka sallame shi. Abin da yarinyar nan ta ɓoye mini shi ne, a 2023 ita kanta matar ta fito ta ce tun da ta haifi na uku gidanta ya hargitse, kuma ta haƙura da hakan. Uku fa kacal. A gidana in aka zuba tuwon dare, sai an yi kiran suna.

Na zaɓi ranata da dabara. Uwargida ta tafi biki Zariya, ba za ta dawo ba sai Litinin. Ga shi Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, daga bakwai zuwa goma na safe ba mai fita sai wanda ke son gaisawa da kotun tafi-da-gidanka. Na ce yau gwamnati za ta ga ɗan ƙasa nagari.

Tufafi ba su ba ni wahala ba. Duk rigar da ta ƙi shiga, na ɗauka ita ce ta fara yanke zumunci.

Sito ne ya nuna mini cewa tambayar 'yar Japan ba ta ƙasarmu ba ce. Ita tana tambaya ko abu yana faranta rai. A Kano tambayar farko ita ce: na wane ne? Jakunkunan Ghana-must-go kaɗai sun kai rufi, irin waɗanda suka samo suna daga korar baƙi ta 1983 zamanin Shagari, kuma na rantse wasu daga cikinsu sun ga zamanin da idonsu. Wannan ta ɗan'uwana ce da ya tafi Jidda ya ce wata uku zai yi. Waccan ta ƙanwar uwargida ce, ajiyar da ta kawo lokacin da ta yi yaji. Ta koma, ta ƙara haihuwa biyu, jakar ba ta koma ba. Sai robobi da bokitan rabon biki, kowanne da sunan ango da amarya da kwanan wata. Na tsaya ina karantawa. Auren da yawa sun mutu, wasu amaren har sun sake rabon wani bokitin da sunan wani angon, shi ma yana nan. Bokitan kuwa ko tsagewa ba su yi ba.

Da na zo kan takardu aiki ya tsaya cak. Bil ɗin wuta na nan tun ana rubuta NEPA a kansa, kafin a sauya sunan a 2005, kuma mahaifina ya yi mini wasiyya cewa ba a zubar da rasit, domin ranar da ka zubar ita ce ranar da za a zo nema. Sauran kuma katunan ɗaurin aure ne da tsoffin kalandu, kowanne da bisimilla a ka ko aya a ƙasa. Wa zai kai sunan Allah bola? Sai dai a ƙona a wuri mai tsarki ko a binne, ni kuwa tsakar gidana siminti ne. Na mayar da su yadda na same su, sai dai yanzu a jere suke. A tsakiyarsu na tsinci tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, na zauna a kan buhu na karance ta tas, har da tallan maganin tari.

Rediyon mahaifina mai kaset ce ta jawo magana ta farko. Ta daɗe da mutuwa, da kaset ɗin Shata maƙale a cikinta. Na ɗauke ta da hannu biyu kamar yadda aka koyar, na ce, "Kin yi mana hidima, mun gode, Allah ya saka." Ina juyowa na ga almajirin gidanmu a bakin ƙofa da tsintsiya, baki buɗe. Bai ce komai ba. Ya jingine tsintsiyar a hankali ya fita. Kafin azahar maƙwabcina ya aiko a tambaya ko jikin da sauƙi, wai ya san wani mai ruƙiyya a Unguwa Uku.

Goma na yi, hanya ta buɗe, sai ga ɗan gwangwan da kurarsa. Ban taɓa ganin mai ilimin kaya irinsa ba. Bai tambayi zuciyar kowa ba. Maganaɗisu ya ciro daga aljihu: abin da ya kama ƙarfe ne, mai arha, abin da bai kama ba, ko alminiyam ne da maƙera ke narkawa su zuba tukwane, ko jan ƙarfe, wanda shi ne sarki. Ya rataya kowanne a sikeli. Tsohon janareta ya shafa shi da ƙauna saboda wayar da ke naɗe a cikinsa. Gadon ƙarfe mai rumfa ya ce nauyi ne kawai. Sai muka zo kan langa da kwalla, jeri guda, masu furanni ja da shuɗi, an ɗaure su da tsumma tun ban san lokacin ba.

"Alhaji, waɗannan ma?"

"Ba sa faranta mini rai," na ce.

Ya dube ni, ya dubi langar, ya manna maganaɗisu. Ya kama. Fenti ne a kan ƙarfe. Abin da ya ƙirgo mini gaba ɗaya bai cika kuɗin fentin da na aika aka sayo a kasuwar Tarauni ba.

Ga dalilin fentin. Da ɗakin ya fito fili, sai na ga bango ya yi baƙi, kuma mai hankali ba ya barin aiki rabi. Na kira mai fenti, aka buɗe tagar da ke kallon layi, aka shafa ruwan madara, aka ɗaura labule. Na tsaya a tsakiya ina jin muryata tana dawo mini.

To, a Kano, magidancin da matarsa ta yi tafiya, ya fitar da tsohon gado, ya yi wa ɗaki fenti, ya sa labule, fassararsa ɗaya ce, kuma ba a Japan aka rubuta ta ba. Labarin ya bi layinmu, ya fita Court Road, ya hau titin Zariya ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Ana kiran magariba na ji tsayuwar a-daidaita-sahu a ƙofar gida.

Uwargida ce. Ba ta cire mayafi ba. Ta wuce ni, ta leƙa ɗakin, ta shaƙi ƙamshin fenti.

"Malam, sannu da aiki. 'Yar wace unguwa ce?"

"'Yar Japan ce," na ce, domin gaskiya na ɗauka mai tsarin take tambaya.

Abin da ya biyo baya ba na bugawa a mujalla ba ne. Sai da 'yata ta kawo waya aka kunna bidiyon, aka ga matar da mijinta da 'ya'yanta, sannan murya ta sauka. Ta sauka ne na ɗan lokaci, har idonta ya kai kusurwar da langa take zama.

Kayan ɗaki dai iyayen amarya ne ke yin su, kuma mallakar mace ne. Miji ko cokali ba shi da shi a ciki. Wannan langar kuwa ta wuce haka. Ita aka jera wa surukata ranar nata auren, ta ba 'yarta, ana ajiye da ita don jikarta, wato ita wannan mai nuna mini bidiyo. Gadon na Gwaggo ne. Janaretan jingina ne, wani ya ajiye ya karɓi kuɗi a hannun uwargida. Cikin duk abin da na sayar, rediyo ce kaɗai tawa.

Da asuba Hajiya, surukata, ta kira. Na gaishe ta a durƙushe duk da ba ta ganina.

"Malam, an ce kun yi gyara."

"Eh Hajiya, ɗan share-share ne."

"Madalla. To a share hanya a nemo mini kwanukana."

Na bi filayen 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya, ina kwatanta mutum mai kura da maganaɗisu, wanda shi ne kwatancen kowa a wurin. Aka ce in hanzarta kafin a yi lodi zuwa Ƙofar Ruwa. Gadon na tarar an riga an yanka shi gunduwa-gunduwa, janaretan an farke cikinsa. Langar kuwa tana gefe a kan tabarma, an wanke ta tana ƙyalli. Uban filin ya ce ai wannan ba a kilo ake sayar da ita ba.

"Jiya a kilo na sayar."

"Jiya gwangwan ce, Alhaji. Yau kayan tarihi ne. Ba a yin irinta yanzu."

Na biya. Na biya Gwaggo. Na biya mai janareta kuɗin sabo, alhali nasa ya shekara bai yi tari ba.

Ɗakin dai ya ci gaba da zama fes, kuma uwargida ba ta yarda da ɗaki fes a gidan da ke da namiji ba. Mu da ke zaune kusa da asibitin Malam Aminu Kano, dangin ƙauye ba sa rasa dalilin zuwa. Ita da kanta ta buga waya ta ce wuri ya samu. Ranar Laraba Kawu ya sauka don ganin likitan ido, da matarsa, da jika mai riƙe masa sanda, da tabarmi, da buta, da zakara ɗaure a ƙafa. Jakunkunan da na fitar aka kwashe su zuwa ɗakina, langar aka ɗora ta a kan durowata inda za a riƙa ganinta.

Kawu ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, ya yaba fentin.

"Ɗana, wurin nan ba ya yoyo ko?"

"Ba ya yi, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Akwai 'yan buhunan masara na tafe a motar Juma'a. Su ɗan zauna zuwa bazara, in ta yi tsada."