Furen da Gata Ke Kashewa

Ni dai a ganina, yawancin masu lambun da ke kuka da furen iris mai gemu a Amurka da Ingila, su suka kashe abinsu da hannunsu, kuma da kyakkyawar niyya. Gemun nan ba na dattaku ba ne, ɗan gashi ne a kan leɓɓan furen guda uku da suka sunkuyo, yana nuna wa ƙudan zuma ƙofar shiga. Ƙungiyar masoyan furen ta Amurka, wadda aka kafa a 1920, ba ta kiransa dogo sai ya haura santimita 70. To, mu masu lambu halinmu ɗaya ne ko'ina. Mutum ya sayo wannan basarake da tsada, ya ga tushensa tsirara kamar citta, sai tausayi ya kama shi. Ya haƙa rami kamar zai binne doya, ya lafta taki, ya lulluɓe da ciyawa, ya dinga ban ruwa safe da yamma. Kafin a ce kwabo doyar ta koma ɗoyi. Tushen ya ruɓe, ya yi lugub, wari ya tashi har maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko ɓera ne ya mutu. Alhali abin da tushen, bawan Allah, ke nema bai taka kara ya karya ba: a ɗora shi a saman ƙasa, gadon bayansa a waje yana shan rana aƙalla awa 6 kullum, a inda ruwa ba ya kwanciya.

Za a ce ai kowace shuka da taki take tashi. Haka ne, amma taki mai yawan naitirojin ganye kawai yake ba wannan, ganye shar kamar takubba, fure kuwa babu ko na rantsuwa. Wani kuma zai ce, ke nan a watsar da shi? Ina! Akwai aiki guda da ba ya yafewa. Bayan shekara 3 ko 4 tushen yakan cunkushe kamar fasinjojin ranar kasuwa, sai a tono shi tsakanin Yuli da Satumba, a yar da tsohon da ya riga ya yi fure, domin ba ya maimaitawa, a rarraba 'ya'yan, a datse musu ganye. A nan ne mai yi masa gata yake ajiye wuƙa, wai tausayi. Mai shirin dasa shi a Kano kuwa, malam, riƙe kuɗinka: sai ya sha sanyin hunturun Turawa yake fure, namu bai ishe shi ba.