Fijo da Golf: Wacce Ta Fi Haƙuri da Mu?

Mu dai a unguwar nan ba ma gajiya da musun mota. Da an idar da la'asar an baje tabarma, sai majalisa ta rabu biyu, dattawa na bayan Fijo 504, matasa na bayan Golf 3.

Dattijo zai ce maka, "Yaro, wannan ƙarfe ce, ba gwangwani ba." Kuma yana da hujja. A 1968 Faransa ta fito da ita, sannan kamfanin PAN ya yi shekara da shekaru yana harhaɗa ta a Kakuri, nan Kaduna, mutum ya ɗauko abarsa sabuwa dal. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar gwamnati, manya ma ita suke shiga. Jan baya ce, ga tsayi daga ƙasa, kwazazzabo da yashi ba sa ba ta tsoro. In ta yi gardama, bakanike ya kwance kabireta a gindin bishiya, ya hura, ya mayar, sai tafiya.

Matashi kuwa sai ya ce, "Baba, a wannan tsadar man wa zai iya ciyar da ita?" Golf 3 'yar Jamus ce, ta 1991, amma ba ta iso mu ba sai da Turawa suka gama morar ta, aka shigo da ita ta Kwatano. Jan gaba ce, ba ta da zarin mai, ga zafin nama a titi.

Abin dariyar, duk ɗaya muka yi musu. Wanda ya ƙera motar ya yi ta don mutum biyar, mu muka ce bai iya lissafi ba. Biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan masara da igiya, akuya a sama tana kallon hanya. Golf ɗin ma da injekta ta dame mu, cire ta muka yi muka dasa kabireta, muka mayar da ita jikar Fijo.

Kuma ba ma sallamar mota. Leƙa ƙofar gidan Alhaji, Fijo na can bisa duwatsu, tayoyi sun tafi, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Taya ta ka ji amsa:

"Haba ɗana, ba ta sayarwa ba ce. Batir kawai take jira."