Jinjina ga Shirin da Ya Gina wa Aladu Masai

Ranku ya daɗe, 'yan Majalisar Dokokin Amurka. Allah ya ja zamaninku. Yau ku za a yi wa kirari, domin wanda ya yi abin yabo aka hana shi yabonsa an ci amanarsa. Kun kafa shirin da ya kamata duk mai riƙe da baitulmali a duniya ya zo ya durƙusa ya ɗauki darasi: yadda ake tara harajin talakawa da sunan ceton ƙasar noma, a miƙa wa mai aladu dubu goma ya haƙa ramin kashi, kuma a tashi taro kowa yana tafi.

Sunan shirin EQIP, amma kakansa da hawaye aka haife shi. A shekarun 1930 manoman Oklahoma da Kansas da Taksas sun riga sun kafce ciyawar da ke riƙe da ƙasarsu, sun shuka alkama iya ganin ido. Fari ya zo, iska ta taso, ƙasar ta bi iska. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, rana tsaka ta koma dare. Yara sun mutu da ciwon huhu saboda shaƙar ƙura, iyalai sun ɗaure kayansu a kan mota sun bar gonakin iyayensu. Sai da ƙurar ta keta ƙasar ta rufe sararin Washington, manya suka gani da idonsu, sannan aka saurari Hugh Hammond Bennett, mutumin da ya daɗe yana kururuwa a kan zaizayar ƙasa. A shekarar aka kafa hukumar tattalin ƙasar noma, wadda yau ake kira NRCS. Dalilin kafa ta a fili yake. In manomi ya tare zaizaya a gonarsa, har wanda ke shan ruwan rafi a can ƙasa ya amfana, don haka a raba kuɗin aikin: gwamnati ta ɗauki kaso, manomi ya ɗauki kaso.

Da aka kafa EQIP a dokar noma ta 1996, waɗanda suka rubuta ta ba su waye ba tukuna. Sun ce kada a ba mutum ɗaya fiye da dala 10,000 a shekara, kada yarjejeniya ɗaya ta wuce dala 50,000. Sun kuma ce manyan gidajen da ke tsare dabbobi a rufe, masu kwatankwacin shanu fiye da 1,000, ba za a biya musu kuɗin gina ma'ajiyar kashi ba, tunda mai ɓata wuri shi ya kamata ya gyara. Ku ji ƙauyanci! Alhamdulillahi, a 2002 kuka share wannan abin kunya. Kuka ɗage takunkumin, kuka ɗaga iyakar zuwa dala 450,000, kuka kuma wajabta cewa kashi 60 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga harkar dabbobi. A 2018 kuka yi tawali'u kuka rage shi zuwa kashi 50. Tuwon girma miyarsa nama. Yaya za a yi a ce mai shanu arba'in da mai aladu dubu goma su ci a akushi ɗaya?

Wanda bai taɓa ganin abin da ake kira tafkin kashi ba, ya je gabashin Karolaina ta Arewa, yankunan Duplin da Sampson. Zai tarar da dogayen rumfuna na kwano a jere, ko alade ɗaya ba zai hanga ba, duk suna ciki a tsaye kan daɓe mai tsaga-tsaga. Kashi da fitsari suna zuba ta tsagar, a kora su da ruwa zuwa wani buɗaɗɗen rami da ya kai filin ƙwallo. Ruwan ramin ja-ja ne, kamar an jiƙa zoɓo an tsinka shi. In ya kusa cika sai a ja shi da inji a fesa a gonakin da ke kewaye, iska ta ɗauki feshin ta yayyafa wa maƙwabta, a kan motarsu, a kan wankin da suka shanya. Da yawa daga cikin maƙwabtan nan baƙaƙen fata ne da talakawa. A 1999 guguwar Floyd ta cika ramukan suka tumbatsa, a 2018 guguwar Florence ta maimaita. Jihar da kanta ta gaji, ta hana haƙa sababbi tun 1997. Amma ku, da yake kun fi jihar hangen nesa, har yau tafkin kashi yana nan daram a jerin ayyukan da ake kira tattalin ƙasa da ruwa, tare da ma'ajiyar kashi da wurin kawar da mushe. Har a rubuce kuka sa cewa daga cikin manufofin shirin akwai taimaka wa mai gona ya cika sharuɗɗan dokar muhalli. Wato doka ta ce masa ya kwashe ƙazantarsa, baitulmali ya ce masa kawo rasit. Wace uwa ce ta kai ku tausayi?

To, ƙaramin manomi ma ba ku manta da shi ba, kun tanadar masa tarbiyya. Ɗauki mai shanu arba'in, da rafi ya ratsa gonarsa. Kullum shanun suna gangarawa su sha, su tattake gaɓar, su yi kashi a ciki, gaɓar tana zubewa kaɗan-kaɗan. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: waya ya kewaye bakin rafin, bututu da komin shan ruwa a kan tudu, a raba makiyayar gida-gida don shanu su ci nan su bar can ta huta. Sai ya wanke hannu ya tafi ofishin gunduma. A nan za a fara tambayarsa lambar gona, wadda wata hukumar dabam ke bayarwa. Ya kawo shaidar mallaka ko ta haya, ya cike takardar da ke nuna kuɗin shigarsa bai wuce dala 900,000 a shekara ba, shi da bai taɓa riƙe rabin rabin wannan ba. Ma'aikaci ya zo ya taka gonar da ƙafarsa, su zauna su tsara aiki. Sannan a ba takardarsa maki, a jera ta da na sauran, a ce ya koma gida ya jira. Kuma a ja masa kunne: in ya kuskura ya kafa ko turke ɗaya kafin a sa hannu, ya fitar da kansa. Shanu dai su ci gaba da shiga rafi har gwamnati ta shirya.

In Allah ya sa ya dace, an ce za a biya masa har kashi 75 cikin 100. Amma kashi 75 na ƙiyasin da gwamnati ta yi a takarda ne, ba na abin da mai shagon waya zai karɓa ba. Kuma sai ya fara yin aikin da kuɗinsa, a zo a duba, a auna, a tabbatar ya dace da ƙa'ida, sannan a mayar masa. Kai, wannan hikima da zurfi take! Mai kamfani yana da banki a bayansa, yana da wanda aikinsa kawai cike takardu. Shi kuwa namu sai ya sayar da maruƙa ko ya ci bashi. An dai yi wa sababbin manoma da marasa ƙarfi da tsofaffin sojoji sassauci, ana iya kai nasu kashi 90, a ba su rabi kafin aiki. Madalla. Sai dai sassaucin na wanda aka zaɓa ne, zaɓen kuwa ga yadda yake: wata cibiyar nazarin manufofin noma da ke Minnesota, IATP, ta bi alƙaluman 2010 zuwa 2020, ta tarar kashi 31 cikin 100 kacal na masu neman EQIP suka samu yarjejeniya. Cikin mutum goma da suka zo da ƙafarsu suna roƙon a taimaka musu su gyara ƙasa, bakwai an ce su dawo baɗi. Yarjejeniya ɗaya ta ramin kashi tana iya lashe abin da zai kewaye rafuka da yawa da waya, amma kashin turmi ba na wadan kare ba ne. Kuma don kada masu noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba su ɗauka su wasu ne, asusun da aka ware musu an tsayar da shi a dala 140,000 a dokar 2018, ƙasa da sulusin abin da aka halatta wa mai aladu.

Baƙar fata manomi kuwa ya daɗe da sanin karamcinku. A 1920 irinsa sun kusa miliyan ɗaya, yau ba su kai kashi 2 cikin 100 na manoman ƙasar ba. A shari'ar Pigford, wadda aka sasanta a 1999, manoma baƙaƙe sun kai ƙarar ma'aikatar gona kan hana su rance da tallafi saboda launin fatarsu, gwamnati ta biya fiye da dala biliyan ɗaya. Da yawa daga cikin gonakinsu na gado ne, kaka ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, jikoki suka gaji gonar a dunƙule, babu takarda da sunan mutum ɗaya. Babu takarda, samun lambar gona ya zama aiki, babu lamba, babu shiga layi. Sai a dokar 2018 kuka yarda a karɓi wasu shaidun. Shekara 22 kacal bayan kafa shirin. Wa ya ce ba ku da hanzari?

Sai kuma ruwa, inda basirarku ta fi haskakawa. Ƙarƙashin jihohi takwas akwai taskar ruwan da ake kira Ogallala, wadda ta taru cikin dubban shekaru, kuma a wurare da yawa ana zuƙarta fiye da yadda sama ke mayarwa. Maganin da aka kawo shi ne a tallafa wa manomi ya sayi kayan ban-ruwa masu tattali, irin dogon injin nan mai kewayawa a gona, a sauko da bakunansa kusa da shuka don kada ruwa ya bi iska. Wasu masana biyu, Lisa Pfeiffer da Cynthia Lin, suka bi rijiyoyin yammacin Kansas, suka wallafa sakamakon a 2014: bayan sauya kayan, ruwan da ake ja ƙaruwa ya yi. Manomi ba wawa ba ne. Da ya ga kowane ɗigo yana ƙara masa riba, sai ya koma shuka mai shan ruwa irin masara, ya faɗaɗa inda yake shayarwa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, ku kuwa kun saya masa guga mafi kyau, ba ku ce masa ya rage ja ba. Jikokinsa za su yi muku addu'a a bakin busasshiyar rijiya.

Ba ku taɓa tilasta wa kowa ba, wannan ma abin yabo ne. Komai ganin dama ne. Ruwan da ke kwarara daga gonaki ɗauke da taki ba ya buƙatar lasisin da ake nema a wurin masana'anta. A Ayowa, jihar da ke da mutane miliyan 3 da 'yan kai da aladu fiye da miliyan 20, hukumar ruwan birnin Des Moines ta gina na'urar cire sinadarin taki daga ruwan sha, mazauna birni ke biyan kuɗin gudanar da ita. A 2015 ta kai ƙarar hukumomin magudanan gonaki na gundumomi uku, a 2017 kotu ta kori ƙarar. Ɗan birni ya biya haraji an tallafa wa mai ɓata ruwa, ya sake biya an tace ruwan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takin da ya tsere ya bi kogin Misisipi ya faɗa Tekun Meziko, gansakuka ta yi ƙiba ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi da jatan lande ke shaƙa. A 2001 aka yi alkawarin rage wannan mataccen yanki zuwa murabba'in kilomita 5,000 kafin 2015. Da lokaci ya yi aka ɗaga alkawarin zuwa 2035. A 2017 yankin ya haura murabba'in kilomita 22,000, mafi girma tun da aka fara aunawa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ayyukan nan suna aiki in an yi su. Waya a bakin rafi tana tsayar da gaɓa. Shukar da ake rufe ƙasa da ita bayan girbi tana hana iska da ruwa kwashe ta. Ma'aikatan da ke taka gonaki da takalmin roba sun san haka, manoman da ke cika layi ma sun sani, shi ya sa suke dawowa duk shekara. A 2022 aka ƙara wa shirin dala biliyan 8.45, mutane suka ce to, yanzu layi zai motsa. Dubbai suka sa hannu, suka ci bashi, suka sayi waya da bututu, suka haƙa rijiya, bisa alkawarin gwamnati mai hatimi.

Ranar 20 ga Janairu, 2025, sabon shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin dakatar da fitar da kuɗin nan da aka ƙara a 2022. Manomin da ya gama aiki ya riƙe rasit yana buga waya ofis, a ce masa su ma jira suke yi. Daga baya aka fara sakin kuɗin kaɗan-kaɗan, a shekarar kuma ma'aikatar gona ta rabu da ma'aikata fiye da 15,000, ciki har da masu zuwa duba gonar. Ranku ya daɗe, banki bai dakatar da nasa lissafin ba ko na kwana ɗaya. Shi kuma mai shanu arba'in ɗin nan yana cikin bakwai da aka ce su dawo baɗi. Ya karɓo sabuwar takarda yana cikewa a kan teburin cin abinci, shanunsa suna can tsaye cikin rafi, ruwa ya kai musu gwiwa.