Takwas Ce Ko Uku?

Samarin fadarmu ta Bukoki suka haɗa jika-jika don gasar ƙwallon hutu, aka ce ni zan zaɓi rubutun mayo tunda ni ke da kwamfuta. Na ɗauko haruffan nan masu kauri, masu ƙafafu kusurwa huɗu, irin na ƙirjin 'yan wasan jami'o'in Amurka. Tsohon yayi ne, wajen 1815 Vincent Figgins ya fito da irinsu a Landan, Faransawa kuma na ce musu na Masar, alhali Masar ba ta san zancen ba. To ni ba cikakkun na so ba, sai masu layi a gefe kawai, ciki fayau. Rawaya, a kan farin yadi. A allo kam, sai ka rantse ƙungiyarmu ta ƙasa, Mena, ce za ta gasar CAN ta 2012.

Mai buga rigunan ya dube ni, ya dubi allon, ya karɓi kuɗinsa.

Ranar wasa da la'asar, ƙura ta tashi, ɗan bayanmu ya kwashe ƙafafun wani. Alƙalin wasa ya busa, ya zaro jan kati, ya zagaya bayan yaron zai rubuta lamba. Ya tsaya. Ya ƙanƙance ido. Ya ja da baya, ya dawo. Can sai ya kama rigar hannu bibbiyu ya ɗaga ta saitin rana kamar mai duba jabun 'yar jika goma. Yaron fa yana cikin rigar, yana ɗage a kan yatsun ƙafa, cibiya a waje.

"Takwas ce ko uku?"

Yaron bai sani ba. Kyaftin ya ce shida. Ɗan wasan abokan hamayya ma ya zo ya shafa da yatsa, ya ce shi dai sifili ya ji. Sai wani ɗan kallo ya ɗaga murya: "Wai wa ya zaɓo wannan rubutu?" Duk ƙungiyar ta nuno ni, har da wanda ke rataye a hannun alƙali.

Wani tsoho mai goro da ke gefena ya taɓo ni.

"Ɗana, abin ai mai sauƙi ne. Kowane yaro in yana gudu ya riƙa faɗin lambarsa da ƙarfi."

Na ce, "Baba, ba haka ba ne, salo ne. Su irin waɗannan daga nesa siririn layin ke ɓacewa. Na Masar ake ce musu."

Ya gyaɗa kai, ya ɓare goro, ya tauna a natse.

"Na Masar? To ka ga inda alƙali ya ɓata. Je ka gaya masa ya faro daga dama."

An ci mu uku da nema. Mayo goma sha biyar suna nan na sayarwa, sau ɗaya aka sa su.