A Ƙasar Nan Kowa Ya Sani

Idan yaro ya dawo gida ya ce falsafa aka ba shi a jami'a, uban zai yi jim, sannan ya tambaya a hankali: "To in ka gama, wace ma'aikata ce ke ɗaukar masu zurfin tunani?" Kawu na gefe yana cewa Allah ya shirya. Ni kuwa ban ga fannin da muke ƙishirwarsa kamar wannan ba, don babban abin da yake koya wa mutum shi ne ya iya buɗe baki ya ce bai sani ba, abin da ya fi mana wuya a kan biyan bashi.

Tambayi hanya a bakin kasuwa ka gani. Mutumin bai taɓa jin sunan unguwar ba, amma zai ɗaga hannu da ƙarfin hali: "Miƙe kawai, nan gaba kaɗan za ka ga wani masallaci." A garin da kowane lungu da masallacinsa! Ko ka zauna a teburin mai shayi bayan isha'i ka ce kanka na sarawa. Kafin a fasa ƙwai na biyu an gano maka taifot, an gano hawan jini, wani ya rantse sammu ne, na ƙarshen benci ya rubuta maka tafarnuwa safe da yamma. Daga kanka sai a tsallaka Rasha da Yukuren, mai gyaran waya ya raba gardama. Hujjar kowa ɗaya ce: an ce. Ka ce wa ya ce, a miƙo maka waya ka saurari saƙon murya na WhatsApp.

Mutanen Atina ma sun taɓa yin fama da irinmu. Masanin falsafarsu Sakaratis ya bi 'yan siyasa da mawaƙa da masu sana'ar hannu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya a kan abin da suke taƙama sun sani, har ya gano abin da ya fi su da shi kawai shi ne ba ya ɗaukar kansa masanin abin da bai sani ba. Ladansa? A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa aka yanke masa hukuncin shan guba, yana ɗan shekara kusan 70. Da a nan ne ba sai an ɓata guba ba, admin zai cire shi daga guruf, a huta.

Wani zai ce ai wannan karatun Girkawa ne, ba ruwanmu. To ga namu. An rawaito cewa an yi wa Imam Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan hijira, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a guda 32. Wani kuma ya yi tafiyar wata shida da tambayar mutanen garinsu, Malam ya ce bai san amsarta ba. Baƙon ya ce to me zai koma ya faɗa musu? Ya ce ya gaya musu Malik ya ce bai sani ba. Mu da muka tashi a kan Ishmawi da Risala, mun bi mazhabarsa a alwala da sallah da gado, muka bar masa wannan babin shi kaɗai.

Yau malami ya gwada haka a shirin amsa tambayoyi na rediyo mana. A karo na uku za a bugo waya: "Gafarta Malam, in ba ka shirya ba, akwai wani yaro a layinmu da bai taɓa rasa amsa ba."