Nasiha ga Mai Nufin Kafa Dandalin Karnuka a Dandume

Ya zo cikin labaran ƙasashen ƙetare cewa a shekarar 1979 waɗansu mutanen birnin Berkeley, a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka keɓe fili inda za a riƙa kwance wa karnuka igiya su yi guje-guje, domin dokar garinsu ba ta yarda kare ya fita sai a ɗaure. To, da yake babu abin da Nasara zai ƙago a rasa ɗan'uwa mai sha'awar kwaikwayonsa, ga nasiha ga wanda Allah ya jarrabe shi da wannan nufi a Dandume.

Babbar mushkila ita ce karen Dandume a sake yake tun fil'azal: ya kwana ƙarƙashin rumbu, ya yi hantsi a mahauta, ya yi la'asar a bayan kasuwar hatsi, ba mai tambayarsa dalili. Saboda haka wajibi ne ka fara da ɗaure karnukan gari kakaf, ka haƙura da kukansu da tsinuwar maƙwabta har su manta da yawo, sa'an nan filin naka zai sami ma'ana.

Kada ka karɓi ko anini daga hannun jama'a kafin ka nemi fatawa. A nan ka yi sa'a, domin a mazhabar Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuwa ta'abbudi ne, ba don najasa ba. Amma malam ba zai sallame ka ba sai ya tunatar da kai cewa hadisi ya yi rangwame ne ga karen farauta da na kiwo da na gona, wanda ya ajiye waninsu kuwa ladarsa na raguwa da ƙiraɗi kowace rana. Mafita, a ganina, ita ce a rubuta kowane kare a matsayin mafarauci, Sarkin Baka ya yi shaida, har da ƙaton nan na bakin tasha wanda bai taɓa ganin zomo ba sai a tukunya.

Sai maganar fili. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa rabon ƙasar karkara ga ƙaramar hukuma, amma mai hankali da goronsa yake farawa ta wajen mai unguwa, ya bi ta dagaci har gaban hakimi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe, kana ya nemi kadada guda a ƙasar da ake nome masara da dawa da waken suya har bakin kwalta, aka kuma cinye burtali da garma. In makiyayi ya ji an ba kare abin da aka hana shanunsa, amsar da za ka ba shi ba ta cikin wannan nasiha.

Kwamiti ba ya wuya: shugaba, sakatare, ma'aji, da uban ƙungiya mai buhunan masara a sito. Abu guda da ba raha a cikinsa shi ne allurar rigakafin haukan kare, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi. A kira malamin dabbobi ya yi wa kowanne, tun ba a kai 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar, ba.

Kada ka yi shinge da kara, domin abin da awaki suka rage girki zai ƙarasa. Kuma ka yi bikin buɗewa da rani, ka gaggauta ɗaukar hoto, gama ruwan shuka na sauka za ka tarar ma'aji ya yi kunya arba'in ya zuba iri. Sai dai tun yanzu a rubuta cikin tsarin ƙungiya ko tiya nawa ce rabon karnuka bayan an fitar da zakka.